Sa Ido Ba Sakaci Ba Ne: Bincike Kan Sankarar Furostet

Gabatarwa

Kwanakin baya na raka wani dattijo maƙwabcinmu asibiti a nan Abuja domin in yi masa tafinta. Likita ya ce an sami sankara a furostet ɗinsa, amma ba ta yaɗu ba, saboda haka za a sa mata ido tukuna. Ni da na koyi Hausa da girmana sai na ce, "Baba, sun ce a jira." Nan take jikinsa ya yi sanyi, ya ɗauka an fid da rai da shi. Kuskuren nan ya sa na bibiyi lamarin.

Matsalar Suna

Kafofin yaɗa labarai sukan ce "sankarar mafitsara", alhali furostet wani ɗan ƙullutu ne a ƙarƙashin mafitsara, kuma maza kaɗai ke da shi. Sankararsa ce ta fi kowace kama maza a Nijeriya.

Abin da Bincike Ya Gano

Daga 1999 zuwa 2009, wani bincike mai suna ProtecT a Birtaniya ya ɗauki maza 1,643 waɗanda sankararsu ba ta fita daga furostet ba. Aka kasa su uku: wasu tiyata, wasu gashi da na'ura, wasu kuma sa ido tare da gwajin jini a kai a kai. Sakamakon 2023 ya nuna bayan shekara 15, kusan kashi 3 cikin ɗari kaɗai cutar ta kashe a kowane rukuni. Sai dai ta fi yaɗuwa ga 'yan sa ido: kimanin kashi 9, sauran kuwa kashi 5. Ita kuma tiyata takan jawo yoyon fitsari da raunin mazakuta.

Amma fa a kula: kusan duk waɗanda aka gwada fararen fata ne, kuma da wuri aka gano cutarsu. Baƙar fata sun fi fuskantar haɗarinta, mu kuwa galibi sai ta ci jiki muke zuwa asibiti.

Kammalawa

Na koma na ce wa Baba, "Ba jira kawai ba ne, gadi za a yi mata, da ta motsa a yi maganinta." Sai ya yi ajiyar zuciya. 'Yan'uwana ɗalibai, in an sa ku tafinta a gaban likita, ku tambayi ma'ana kafin ku buɗe baki.