Kafinta da Injuna Biyu

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, manoman auduga sukan kai wa kafinta aikin amalanke da ƙofofi. To, in kuɗinsa na inji ɗaya ne tak, wanne zai saya, na huda katako ko na gogewa?

Na huda ya kamata ya fara saye. Maɗaci itace ne mai tauri. In aka buga masa ƙusa ba a huda ba, yakan tsage. Amalanke kuwa da noti ake ɗaure shi, noti kuma sai da huji. Amma gogewa, ko da hannu ana yin ta da samfefa, sai dai a daɗe.

Santsi ba ya kai auduga kasuwa, sai ƙarfin ɗauri.