Wutar lantarki: abin da ke ba ta hanya da abin da ke tare ta

Wutar lantarki, wadda ake ce ma kuran, ba ta tsaya cikin birni kaɗai ba. Ta shigo ƙauye. Wani gari kamfanin NIGELEC ne ya ja mashi waya. Wani gari kuma farantin hasken rana ne bisa rufin ɗaki, da batir a ƙasa, ana kunna ƙwai ana cajin salula. Inda babu ko ɗaya daga ciki, akwai tocila da rediyo mai pil. Duk wuta guda ce, ƙarfinta ne ya bambanta.

Wannan wuta ba a ganinta, ba ta da hayaƙi, ba ta da wari. Mutum na iya duban waya biyu, ɗaya da wuta ɗaya babu, ya kasa rarrabe su. Shi ya sa ya kamata kowa ya san halinta. Babban halinta kuwa shi ne: ba ta tafiya sai ta samu hanya. Akwai abubuwan da ke ba ta hanya, akwai waɗanda ke tare ta. Yaran lakkwal suna koyon sunayensu da Faransanci: mai ba da hanya shi ne kondiktar, mai tarewa shi ne izolan. Wani Bature na ƙasar Ingila mai suna Stephen Gray ne ya gano wannan bambanci a shekarar 1729.

Gwaji da tocila

Kowa na iya gwada wannan a gida ko a ajin yaƙi da jahilci, ba tare da hatsari ba, don ƙarfin pil guda bai wuce bolt 1,5 ba. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta.

A samu tocila mai manyan pil biyu. A yanki ƴar takarda a sa ta tsakanin pil ɗin nan biyu, a rufe, a kunna. Tocila ba za ta kama ba, ko da pil ɗin sabbi ne. A cire takarda a sa guntun leda, ko busasshen ƙyalle, ko guntun fata. Duk ɗaya ne, babu haske. To, a cire su a sa ƙaramin ƙarfen kuɗi, ya zauna tsakiya daidai, kar ya taɓa jikin tocila. Da an kunna sai haske ya fito.

Ƙarfe ya ba wuta hanya, takarda ta rufe hanya. Wuta tana fita daga kan pil, ta bi ta cikin ƙwai, ta zagayo ta koma gindin pil. In zagayen ya yanke ko wuri guda ne, ta tsaya. Makunnin tocila ba ya yin komi illa haɗa wannan hanya da yanke ta. Haka nan in tsatsa ta kama ƙarfen da ke danne pil, tocila sai ta riƙa lumshewa, don tsatsa ba ta ba wuta hanya sosai. Mutane da yawa sun zubar da pil mai sauran ƙarfi, alhali kankare tsatsa kawai ake bukata.

Mi ya sa ƙarfe ya bambanta?

Kowane abu na duniya an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani. Cikin kowace ƙwaya akwai wasu da suka fi ta ƙanƙanta, masana na ce masu elektaron. Tafiyar elektaron ita ce wutar lantarki cikin waya.

A cikin ƙarfe, wasu elektaron a sake suke, kamar awaki da rani bayan an kwashe amfanin gona. Da an kora su sai su bi gaba guda. A cikin roba ko kwalba kuwa, kowane elektaron a ɗaure yake a turkenshi. Ko an tura, ba ya zuwa ko'ina.

Ƙarafa ma suna da na gaba da na baya. Azurfa, irin wadda maƙeran Agadas ke ƙera kayan ado da ita, ita ce ta fi duka. Sai jan ƙarfe, sai zinariya, sai alminiyon, wanda ake zuba tukwane da shi. Baƙin ƙarfe yana can baya. Azurfa ta yi tsada, shi ya sa ake yin wayar cikin gida da jan ƙarfe. Manyan wayoyin da ke bisa turaku kuwa galibi alminiyon ne, don ba shi da nauyi kuma ya fi araha.

Akwai abu guda da ba ƙarfe ba ne amma yana ba wuta hanya, shi ne baƙin zuciyar fensir, da baƙin sandan nan da yara ke cirowa in sun fasa tsohon pil. Akwai kuma wanda ke tsaka-tsaki, sunanshi silikon, ana samo shi daga yashi mai tsabta. Da shi ake yin farantin hasken rana da ƙananan kayan cikin salula.

Abubuwan da ke tare wuta su ne roba, leda, kwalba, tangaran, busasshen ice, busasshiyar takarda, busasshen tufa, da iska. A lura da kalmar nan "busasshe", don a kanta rai ke rataye.

Waya da rigarta

In aka feɗe waya za a ga abu biyu: jan ƙarfe a ciki, roba a waje. Na ciki hanyar wuta ne, na waje katanga ce. Rana da zafin ƙasar nan suna busar da roba har ta tsage. Ɓera na cinta, gara ma na ɓata ta. Waya da rigarta ta yage ba ta da bambanci da rijiyar da ba ta da baki.

Wasu in waya ta tsinke sai su murɗa ta su naɗe da ledar kasuwa. Wannan ba gyara ba ne. Leda tana narkewa da ɗan zafi kaɗan, ta bar ƙarfe a fili. Masu gyaran wuta suna da nasu sikoci na musamman, shi ya kamata a saya.

Kaurin waya ma abin dubawa ne. Siririyar waya kamar ƙunƙuntar hanya ce. In aka ɗora mata kaya masu jan wuta da yawa, kamar dutsen guga da abin dafa ruwa, sai ta yi zafi, robarta ta narke, ƙarafa biyu su haɗu, tartsatsi ya tashi. Kusa da zana ko rufin ciyawa, wannan gobara ce. Ko batir na bolt 12, wanda ba ya jan mutum in ya taɓa shi da hannu, yana iya mai da waya ja wur in kawunanshi biyu suka haɗu. Kar a aje maɓalli ko wuƙa bisa batir.

Turaku da tsuntsaye

Wutar cikin gida a Nijar bolt 220 ce. Ta manyan layuka ta fi haka nesa. Layin da ya taso daga Birnin Kabi zuwa Yamai, wanda aka buɗe a 1976 don kawo wutar madatsar Kainji, yana ɗauke da bolt 132.000. Akwai irinshi da ya fito daga Katsina ya biyo ta Gazawa, ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram.

Waɗannan wayoyi ba su da riga. Iska ce rigarsu, shi ya sa ake rataye su can sama. In aka ɗaga kai za a ga wasu abubuwa kamar faranti jere tsakanin waya da turke. Na kwalba ne ko na tangaran, wasu na roba mai ƙarfi. Su ke hana wuta bin turke ta sauka ƙasa. In ƙarfin layi ya yi yawa, farantan ma sai su yi yawa. Yaran da ke harbinsu da danƙo suna fasa katangar da ke tsare gari ne, iyaye su hana su.

Sau da yawa ana tambaya: ina dalilin da tsuntsu ke sauka bisa waya lafiya lau? Dalili shi ne ƙafafunshi biyu suna bisa waya guda, bai taɓa ƙasa ba, bai taɓa waya ta biyu ba. Wuta ba ta da wurin zuwa ta jikinshi. Mutum kuwa yana tsaye a ƙasa, ko bisa reshe, ko bisa kayan babbar mota. Da ya taɓa, jikinshi ya zama hanya. Babban layi ma ba sai an taɓa ba. In aka matsa kusa, wuta na keta iska ta yi tsalle. Mai sassabe ma dabbobi ganye da doguwar gora, da mai ɗora kaya bisa mota ranar kasuwa, su dubi sama tukuna.

Ruwa da jikin mutum

Ruwa tsantsa, wanda babu komi cikinshi, da ƙyar yake ba wuta hanya. Amma irin wannan ruwa babu shi a rijiya ko tabki. Ruwan da ake sha da wanka yana da gishiri iri-iri narke a ciki, ko da harshe bai ji ba. Wannan gishiri shi ke buɗe hanya. In aka ƙara gishiri ko kanwa, hanya ta ƙara faɗi.

Jikin mutum fiye da rabinshi ruwa ne, kuma ruwa mai gishiri. Duk wanda zufa ta shiga bakinshi ya sani. Busasshiyar fata ce kaɗai ƴar katangar da yake da ita, kuma da ta jiƙe shi ke nan. Wayar da ta ɗan fizgi mutum da rani tana iya kashe shi da damina, in yana tsaye ba takalmi cikin damshi. Ba kuma wuta mai yawa ake bukata ba. Abin da ke bi ta ƙwai guda mai wat 60 ya fi ƙarfin abin da zai rikita bugun zuciyar babban mutum.

Haka ice. Busasshe yana tare wutar gida, ɗanye ko jiƙaƙƙe yana ba ta hanya. Takalmin roba busasshe yana taimako, amma wanda ƙusa ta ratsa shi ko ya sha ruwa ba abin dogaro ba ne. Mace ta goge hannunta kafin ta kunna wuta in ta fito daga wanke-wanke. Kar a shanya tufafi bisa wayar lantarki, kar kuma a ɗaura igiyar shanya ta ƙarfe a jikin turke.

In wuta ta kama mutum

Wuta tana sa jijiyoyin hannu su ƙanƙame, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Nan ne hatsari ke zama biyu. Uwa ta ga ɗanta manne da waya, ta ruga ta jawo shi da hannu, wuta ta bi ta jikinta ita ma.

Abu na farko shi ne a kashe babban makunnin da ke kusa da kontar. Ya kamata kowa a gida, har mata da manyan yara, ya san inda yake. In ba a kai gare shi ba, a tsaya bisa busasshen katako ko busasshiyar tabarma, a ture wayar da busasshen sanda, ko ƙotar da babu ƙarfe, ko taɓarya. Kar a watsa ruwa. In an raba su, a kai mutumin likita ko da ya ce ya warke, don ƙunar lantarki tana yin ciki, kuma zuciya na iya rikicewa daga baya.

Wannan dabara ta sanda ta wutar gida ce kaɗai. In wayar babban layi ce ta faɗi ƙasa, sanda ba ya tare ta, ƙasar da ke kewaye ma tana ɗauke da wuta. A ja baya aƙalla mita 10, a hana yara da dabbobi matsawa, a aika ma ma'aikatan lantarki da maigari.

Aradu

Walƙiya ma wutar lantarki ce. Benjamin Franklin na Amurka ya tabbatar da haka a 1752. Wuta tana taruwa cikin hadari har ƙarfinta ya kai miliyoyin bolt, iska ta kasa tare ta, sai ta keto zuwa ƙasa. Ta fi sauka bisa abin da ya fi tsawo a wurin: itaciya guda a tsakiyar fili, turke, ko manomi tsaye cikin gonar da babu komi.

Mutum in ruwa ya taso yakan ruga gindin tsamiya ko kuka. Nan ne wurin da ya fi hatsari. Wuta tana bin itaciya ta sauko, ta tsallaka jikin wanda ya jingina, sauran ta bazu cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Shi ya sa makiyayi kan iske shanu da yawa sun faɗi tare ƙarƙashin itaciya guda. Ƙafafun saniya na gaba da na baya suna da nisa, wuta ta shiga ta nan ta fita ta can, ta ratsa ƙirji. In an ji tsawa, a bar tudu, a fita daga tabki, a raba dabbobi da gindin itaciya, a nemi gida. Ginin da ke da rufi da bango ya fi fili, mota mai rufin ƙarfe ma mafaka ce, don wuta tana bin jikinta ta waje ta sauka.

A wasu garuruwa ana tsoron taɓa wanda aradu ta faɗa ma, ana jira sai an yi wasu al'adu. Wutar ba ta zama cikin jikinshi, ta riga ta wuce ƙasa tun lokacin. Ana iya taɓa shi nan take ba abin da zai samu kowa, kuma da yawa daga waɗanda aradu ta buga suna rayuwa. In yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe. In numfashi ya tsaya, a kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu biyu tsakiyar ƙirjinshi, a riƙa dannawa da ƙarfi da sauri ba tsayawa, wani kuma ya nemo amalanke ko mota a kai shi likita mafi kusa.