Tace Bayanai Tsakanin Jadawalai Masu Dangantaka

Tun shekarar 1970, lokacin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa ƙa'idar rarraba bayanai cikin jadawalai masu dangantaka, ma'abota ilmin kwamfuta suka rage cusa komai a daftari guda. A makaranta, alal misali, sunayen ɗalibai suna jadawali ɗaya, sakamakon jarrabawa yana wani, lambar ɗalibi kuwa ita ce silsilar da ta haɗa su, tamkar yadda isnadi ke sadar da ruwaya ga mai ita.

Idan malami yana neman waɗanda suka faɗi lissafi, sai ya rubuta tambaya da harshen SQL: kalmar JOIN ta gwama jadawalan bisa lambar, WHERE kuma ta gindaya sharaɗi, wato maki ƙasa da 40. Sai dai a nan akwai tarko, domin yaron da bai zauna jarrabawar ba ba shi da layi a jadawali na biyu, don haka zai salwanta shiru, alhali shi ya fi cancantar a cigita. Maganin wannan shi ne LEFT JOIN, a sanya sharaɗin cewa darasin lissafi ne cikin ON, wato sashen da ke gwama jadawalan, sannan a ƙara IS NULL domin guraben da babu maki su bayyana.