Kuɗin Tuwo Da Kuɗin Mota

Kowane mai albashi a ƙasar Makoda ya san ranar ashirin ga wata. A ranar ce uwargida takan leƙa buhu ta ce, "Maigida, hatsi ya yi ƙasa." Maigida kuma ya shafa aljihu ya tarar abin da ya rage ba zai kai shi Dambatta ya komo ba. Mu malaman makaranta mun sha ganin wannan rana. Da muka zauna muka yi lissafi, sai muka gane ashe tukunya da mota a aljihu ɗaya suke ci, mota kuwa ita ce takan riga sa hannu.

Yadda abin ya tsananta

Ran 29 ga Mayu, 1999 aka komo mulkin farar hula, ran 29 ga Mayu, 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya yi shelar janye tallafin man fetur. Kafin wannan rana lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura naira 500, a watan Oktoba na 2024 ta wuce naira 1,000. A watan Yuli na 2024 aka ɗaga mafi ƙanƙantar albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. Watau mai ya ninka wajen sau biyar, albashi kuwa sau biyu da 'yan kai. Manomi da mai ƙaramar sana'a ko wannan ƙarin ba su gani ba.

Tsadar mai ba a tasha kaɗai take tsayawa ba. Gishiri da manja da sabulu a mota suke zuwa mana, injin niƙa ma mai yake sha. Saboda haka mutumin ƙauye yana biyan kuɗin mota sau biyu, ran da ya hau da ran da ya yi cefane.

A auna tafiya da tiya

Ga dabarar da ta fi taimakonmu. Kafin mu hau babur ko mota, mukan tambayi kanmu, kuɗin zuwa da komowa tiya nawa ta gero zai saya yau? Naira takan ruɗi mutum, gama kullum darajarta tana sākewa, amma tiya ba ta ruɗi. A ce gida yana cin tiya ɗaya a yini. In tafiya birnin Kano za ta ci kuɗin tiya uku, to, tuwon kwana uku ke nan aka miƙa wa yaron mota. Wani lokaci tafiyar ta isa haka. Sau da yawa kuwa za a iske saƙo ne wanda waya za ta isar, ko maƙwabci mai tafiya ya kai.

Wani abokin aikinmu ya rubuta dukan tafiye-tafiyensa na wata ɗaya a bayan littafin darasi. Ya sami goma sha ɗaya. Uku ne kaɗai na tilas: karɓar albashi, kai yaro asibiti, da jana'izar kawunsa. Sauran takwas na sayen ɗan abu kaza ne da ya manta jiya. A watan nan ne 'yarsa ta kwana da zazzaɓi mai zafi, ba shi da kuɗin babur, sai da ya buga ƙofar mutane uku da tsakar dare. Yarinyar ta warke, mun gode wa Allah, amma tun daga ran nan bai ƙara barin gwangwanin kuɗin mota wofi ba.

Hatsi a kaka ake sayensa

Lissafin wata ba ya tsayawa da kyau sai an ɗora shi a kan lissafin shekara. Kowa ya sani gero da dawa da wake sukan yi araha a kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, su yi tsada a tsakiyar damina sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. Buhu yakan ci wajen tiya 40. Gidan da ke cin tiya ɗaya a yini yana bukatar buhu tara a shekara. Wanda ya san wannan adadi ba zai kwashe amfanin gonarsa ya kai kasuwa a Nuwamba domin hidimar biki, sa'an nan ya komo yana awo da tsada a Agusta ba. Ko Yusufu a Masar, a shekarun ƙoshi ya tara hatsin da aka ci a shekarun yunwa.

Ba kowace shekara farashi ke bin wannan hanya ba. A 2025 hatsi ya yi sauƙi har manoma da masu ajiya suka koka. Domin haka muna cewa a ajiye na ci, kada a ci bashi a tara domin neman riba.

Mai albashin da ba ya iya sayen buhu gaba ɗaya, ya shiga adashi da mutanen da ya amince da su, ya roƙa ɗaukarsa ta faɗo a kaka. Wake kuma a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure baki tam, gama in iska ba ta shiga ƙwari ba su rayuwa, ba sai an sa magani ba. Uwargida ta shanya kuɓewa da tumatir da barkono tun suna araha, ta tanadi kuka da daddawa.

Gwangwani uku

Ran da albashi ya zo, maigida da uwargida su zauna tare tun kuɗin bai kwana ba. Bayan an fid da baiko, a raba saura. Gwangwani na fari na abinci ne, har da kuɗin niƙa da itace. Na biyu na tafiye-tafiyen da aka sani tilas ne a watan. Na uku na tafiyar da ba a shirya ba, ciwon dare ko rasuwa, a sa masa abin da zai kai mutum biyu asibiti su komo. Kada a ranci na uku domin cefane. Abin da ya saura bayan waɗannan, shi ne na sabulu da sutura da gudummawar biki.

Kasuwar Dambatta ran Lahadi take ci, ranar sujadarmu. A wata unguwa gidaje huɗu sun shirya: bayan an tashi daga sujada mutum ɗaya yakan tafi da takardar sautun kowa, a raba kuɗin motarsa huɗu, mako mai zuwa wani ya tafi. Suna kuma haɗa kuɗi su sayi jarkar manja ɗaya su raba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Zumunci fa? An ce zumunta a ƙafa take, ba mu kuwa ce a yanke ta ba. Amma ba lalle gida duka ya tafi kowane suna ba. Mutum ɗaya ya isa ya kai gaisuwar saura, kuɗin motar mutum uku kuma ya zama gudummawa a hannun maijego.

Ba mu ce waɗannan dabaru za su mai da ƙaramin albashi babba ba. Akwai watan da ko an yi duka ba za a kai ba, a nan ne ɗan'uwa mai rarar buhu zai tuna da maƙwabcinsa. Amma a gwada wata ɗaya tak: a rubuta kowace tafiya da tiyar da ta ci, ran talatin a karanta wa iyali.