Kuɗin jinyar lafiyar ƙwaƙwalwa da inshorar lafiya a Jihar Kebbi

Jinyar lafiyar ƙwaƙwalwa ita ce kulawar da ake bai wa mai fama da ciwon damuwa, fargaba, taɓin hankali ko illar shaye-shaye, ta hanyar ba shi magani, ko tattaunawa da ƙwararre, ko haɗa duka biyun. A Jihar Kebbi, kamar sauran sassan Najeriya, yawancin iyalai daga aljihunsu suke biyan kuɗin wannan jinya. Akwai inshorar lafiya ta tarayya da ta jiha, kuma tana rage kuɗin ganin likita da na magani. Sai dai ƙwararrun wannan fanni kaɗan ne, kuma a manyan birane suke, shi ya sa mazaunin gari irin Kambaza a ƙaramar hukumar Gwandu kan kashe kuɗi masu yawa wajen isa gare su ko da yana riƙe da katin inshora.

Ire-iren ma'aikatan jinya

Likitan ƙwaƙwalwa shi ne wanda ya kammala karatun likitanci, sannan ya ƙara wasu shekaru yana samun horo na musamman a babban asibiti har ya ci jarrabawar ƙwarewa. Shi ke tantance cuta, ya rubuta magani, ya kwantar da majinyaci idan da buƙata. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti ba ya rubuta magani, aikinsa gwaji ne da jinya ta hanyar tattaunawa. Akwai kuma ma'aikatan jinya da suka yi ƙarin karatu kan ƙwaƙwalwa, waɗanda su ne suka fi yawa kuma suka fi kusa da jama'a, sai ma'aikatan jin daɗin jama'a da ke sasanta majinyaci da iyalinsa da wurin aikinsa.

Likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Najeriya ba su kai 300 ba, alhali jama'ar ƙasar sun haura miliyan 200. Mafi yawansu suna asibitocin koyarwa ne da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Aro a Abeokuta, da Yaba a Legas, da Barnawa a Kaduna, da Maiduguri, da Kware a Jihar Sakkwato. Ficewar likitoci zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya tana ƙara rage adadin, kuma sau da yawa waɗanda suka goge a aikin ne ke tafiya.

Abubuwan da ke cin kuɗi

Ciwon ƙwaƙwalwa ba a gama jinyarsa a zuwa ɗaya. Mai shan maganin ciwon damuwa yakan ci gaba da sha na watanni bayan ya ji sauƙi, mai taɓin hankali mai tsanani kuwa yana iya sha na shekaru. Jinya ta tattaunawa ma zama ne na kusan awa ɗaya, yawanci mako-mako, har sau da dama. Saboda haka ana lissafin kuɗin jinyar ne bisa wata ko shekara.

Kuɗin da iyali ke kashewa ya ƙunshi na buɗe kati da ganin likita, da na gwaje-gwaje, da na magani, da na gado idan an kwantar da majinyaci. Tsofaffin magunguna irin su amitriptyline da chlorpromazine da haloperidol sun fi araha, amma suna iya sa barci ko sandarewar jiki ko karkarwa. Sababbi irin su risperidone da olanzapine sun fi tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi a shekarar, farashin magani da kuɗin mota duk suka tashi.

Akwai wani kuɗin da ba ya fitowa a rasit. Majinyacin ƙwaƙwalwa ba ya tafiya asibiti shi kaɗai, sai da ɗan rakiya ɗaya ko biyu, don haka kuɗin mota da abinci ninki ne. Ranar asibiti kuma rana ce da manomi bai je gona ba, ɗan kasuwa bai kasa kaya ba. Idan damina ta yi nisa, hatsi ya ƙare a rumbu, iyalai da yawa kan dakatar da zuwa asibiti. Yanke magani kwatsam yana iya dawo da ciwon, a koma kwanciya, wadda ta fi komai tsada.

Tsarin inshorar lafiya

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, da dokar 1999, ya fara aiki a 2005. Ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa, inda yake ɗaukar nauyin ma'aikaci da abokin aurensa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, mai kati kuma ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. A watan Mayun 2022 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka da ta maye gurbin shirin da hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin ƙasar. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun BHCPF, wanda ake ware wa akalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ta wannan asusu ake yi wa marasa ƙarfi rajista kyauta a cibiyoyin lafiya na mazaɓu, musamman mata masu juna biyu, da ƙananan yara, da tsofaffi, da masu buƙata ta musamman.

Jihar Kebbi tana da tata hukumar mai suna KECHEMA, kamar yadda Sakkwato ke da SOCHEMA, Kano kuma ke da KSCHMA. A jihohin arewa an fi kiran irin wannan shiri da taimakekeniyar lafiya, domin wasu malamai suna da ja a kan inshorar kasuwanci, amma tara kuɗi don taimakon juna abu ne da jama'a suka saba da shi.

Yadda ake isa ga ƙwararre da kati

Mai kati ba ya tafiya kai tsaye wurin likitan ƙwaƙwalwa. Zai fara ne da asibitin da ya zaɓa lokacin rajista. Idan ma'aikacin can ya ga ciwon ya fi ƙarfinsa, sai ya rubuta takardar turawa, a nemi lambar amincewa daga kamfanin da ke kula da inshorar ko daga hukumar jiha, sannan babban asibiti ya karɓi majinyacin. Wanda ya tsallake waɗannan matakai, in ba a halin gaggawa ba, shi zai biya da kansa.

Asibitin matakin farko ana biyansa wani ƙayyadadden kuɗi ne duk wata kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba. A shirin tarayya kuɗin ya tsaya a naira 750 tun 2012 har aka ƙara shi a 2024. Babban asibiti kuwa ana biyansa gwargwadon aikin da ya yi, bisa farashin da hukuma ta yanke. Wannan tsari ya fi dacewa da allura da ƙwaya da tiyata, waɗanda ake iya ƙirgawa. Awa guda ta tattaunawa da masanin halayya ba ta kawo wa asibiti kuɗin kirki, shi ya sa gogaggun masana masu zaman kansu a Abuja da Legas da yawa suka fi son a biya su hannu da hannu. Haka kuma inshora tana biyan magungunan da ke cikin jerin hukuma ne kawai, kuma akwai iyakar kwanakin kwanciya da take ɗauka a shekara.

Halin da ake ciki a Gwandu da Kalgo

Kambaza tana da babban asibitin gwamnatin jiha, haka ma garin Gwandu. A Kalgo akwai babbar cibiyar lafiya ta jiha, a Birnin Kebbi kuma akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da babban asibitin tarayya. Asibitin tarayya na ƙwaƙwalwa zalla da ya fi kusa shi ne na Kware, wanda ke arewa da birnin Sakkwato a kan hanyar Illela. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ma yana da sashen ƙwaƙwalwa. Ke nan majinyacin da aka tura daga Kambaza zuwa can zai tsallaka iyakar jiha, abin da ke buƙatar ya tabbatar tun farko cewa shirin da ya yi rajista da shi yana hulɗa da asibitin da aka tura shi.

Yawancin mazauna waɗannan ƙananan hukumomi manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, ba su da albashin da za a cire kuɗin taimakekeniya daga ciki, sai dai su biya da kansu duk shekara ko su samu shiga rukunin marasa ƙarfi. Iyalai da yawa kan fara da malamai masu ruƙiyya ko masu maganin gargajiya, saboda suna kusa, kuma ana iya biyansu a hankali. Jin kunyar a ce akwai mai taɓin hankali a gida, da tsoron kada ya shafi auren 'ya'ya, su ma suna jinkirta zuwa asibiti.

Doka da hanyoyin gyara

Tun 1991 manufar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sanya wannan fanni cikin ayyukan kiwon lafiya na matakin farko. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɓullo da shirin mhGAP, wanda ke horar da likitoci da ma'aikatan jinya da ba ƙwararru ba su gane cututtukan ƙwaƙwalwa su kuma yi jinyarsu, ƙarƙashin kulawar ƙwararre. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da dattijan mata suna zama da masu ciwon damuwa a kan benci a harabar asibiti, bincike kuma ya nuna hanyar tana rage ciwon. Tun kafin nan, a 1954, Thomas Adeoye Lambo ya fara jinyar majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da Aro, suna zaune tare da danginsu.

A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Dokar ta kare haƙƙin majinyaci, ta hana nuna masa wariya, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun lafiyar ƙwaƙwalwa. Ga mazauna karkara, amfanin dokar da na katin inshora ya dogara ne da samun horarren ma'aikaci da wadataccen magani a asibitin da ya fi kusa da su, domin ta haka ne kawai tafiya Birnin Kebbi ko Kware za ta koma ta lokaci-lokaci.