Rasiɗin Alhazai: Takardar Da Ta Zama Kuɗi

Yau zan ba ku labarin wata takarda da aka buga domin baƙi, ta zo ta canza kuɗin ƙasa baki ɗaya.

Kafin 1953 Saudiyya ba ta da kuɗin takarda nata. Riyal na azurfa ne, kowane ɗaya ya kusa giram 12. Ku lissafa da kanku: riyal 1,000 ya haura kilo 11. Alhaji ya taso daga nesa, ga gajiya, ga cinkoso, ga kuma jakar azurfa da zai yi ta gadi dare da rana.

Ganin haka, a shekarar 1372 Hijiriyya, wato 1953, Hukumar Kuɗi ta Saudiyya ta fito da abin da ake kira "Isalul Hujjaj", ma'ana rasiɗin alhazai. Na farko na riyal 10 ne, da rubutu cikin harsuna shida: Larabci, Farisanci, Turanci, Urdu, Turkanci da Malayanci. Alhaji zai canza kuɗinsa ya karɓi rasiɗi, duk lokacin da ya so kuma ya mayar a ba shi azurfa daidai adadin da aka rubuta. Daga baya aka ƙara na riyal 5 da na riyal 1.

Sai kuɗi suka zama iri biyu suna tafiya tare: azurfa a hannun 'yan ƙasa, takarda a hannun baƙi. Amma da 'yan kasuwa suka ga hukuma tana cika alkawari, su ma suka kama ciniki da rasiɗin, ko bayan aikin Hajji ya wuce. A 1961 aka buga ainihin takardun riyal, a 1965 kuma aka daina amfani da rasiɗin.

Abin da nake so ɗalibai su riƙe shi ne, ba takarda ke da daraja ba, amanar da ke bayanta ce.

Yau masu tara tsofaffin kuɗi suna neman waɗannan rasiɗai suna saye. Iyaye, idan kakanku ya sauke farali a wancan zamani, ku duba akwatinsa. In kun samu ɗaya, kada a wanke shi, kada a manna masa gam, kada kuma a yi gaggawar sayarwa. A nuna wa yara tukuna, su karanta Larabcin da ke jikinsa.