Tasawa da Mayahi: rumbu cike, yaro a rame

A shekara ta 2005, lokacin da yunwa ta faɗa wa Nijar, ƙungiyar Médecins Sans Frontières ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani, akasarinsu a jihar Maraɗi. Baƙi sun yi mamaki, domin jihar nan ita ake kira rumbun ƙasa: hatsi, wake da gyaɗa duk ana noma su tsakanin Tasawa da Mayahi. Tsadar tiya ta yi ɓarna ƙwarai a waccan shekara. Amma akwai wani kaso na matsalar da ke cikin gida, kuma shi ba ya jiran fari.

Tun ranar haihuwa ake somawa. A wasu gidaje ana tatse dakashi a zubar, wai ƙazanta ce, alhali shi ne rigakafin farko na jinjiri. Sai a ɗura masa ruwa ko jiƙo, ko da yake tun 2001 Hukumar Lahiya ta Duniya ta ce nono zalla ya ishe shi har wata 6. In uwa ta samu ciki, a yaye shi rana ɗaya a kai wa kaka. Daga nan abincinsa hura ce mai ruwa, wadda ke cika ciki ba ta gina jiki. Ƙwai kuwa a hana shi, kada ya tashi ɓarawo. A kai kasuwa a sayar. Yaron da ya saba da hura kaɗai, ko an miƙa masa wake ko zogale daga baya, kau da kai yake yi.

An cika ɗora wa mata laifi, abin da bai kamata ba. Maigida ne ke riƙe da rumbun gandu, wani ma rufe shi yake yi ya tahi cin rani, ya bar uwargida da ɗan abin da gamanarta ta ba ta. Wani ya ci tsire a bakin tasha ya goge baki kafin ya shiga gida.

A gidajen ƴan kasuwa da ma'aikata kuma abin ya juya. Ƙiba alamar wadata ce, don haka yaro ya ƙoshi a ce sai ya ƙara, ya yi kuka a toshe bakinsa da alewa da lemun kwalba. Maƙwabta na yaba kumatunsa, shi kuwa ya riga ya raina tuwo.